Tarihin Rayuwar Marigayi Manjo Janar Hassan Usman Katsina, Ciroman Katsina (1933 zuwa 1995)

A kowace shekara, ranar 15 ga watan Janairu, gwamnati da al'ummar Nijeriya sukan taru domin tunawa da 'yan mazan jiya, wato sojojin da suka kwanta dama a fagen fama da waɗanda Allah Ya dawo da su gida da rai. An zaɓi wannan rana ne saboda a cikinta aka kawo ƙarshen yaƙin basasa a shekarar 1970. To amma a nan Kaduna ranar tana da wani nauyi na daban, domin kuwa a irinta ne, cikin shekarar 1966, aka wayi gari da labarin kisan Firimiyan Jihar Arewa, Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato. Tsakanin waɗannan ranaku biyu akwai shekara huɗu cif, kuma da wuya a ba da labarinsu ba a ambaci sunan Hassan Usman Katsina ba. Shi aka ɗora wa riƙon Arewa a makon da aka kashe shugabanninta, shi ne kuma Hafsan Hafsoshin Sojan Ƙasa a ranar da aka ajiye makamai.

Mun ga ya dace mu kawo tarihinsa a wannan shafi, musamman domin matasanmu waɗanda suka san sunan a jikin allunan makarantu da gine-ginen gwamnati, amma ba su san mai sunan ba. Dattawan Kakuri da kewayenta, tsofaffin ma'aikatan masaƙu da na jirgin ƙasa da na masana'antar makamai, su kam ba sa bukatar a gabatar musu da shi. A gaban idonsu akasarin abubuwan da za mu faɗa suka faru.

Asalinsa da karatunsa

An haifi Hassan a birnin Katsina ranar 31 ga watan Maris na shekarar 1933, a gidan sarautar Sulluɓawa. Mahaifinsa shi ne Alhaji Sir Usman Nagogo, wanda ya yi sarautar Katsina daga 1944 zuwa 1981. Kakansa kuwa shi ne Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya hau gadon sarauta a 1906, ya kuma riƙe ta har zuwa rasuwarsa a 1944. Gidan Dikko ya yi suna wajen karɓar sabon abu tun kafin sauran gidajen sarauta su saki jiki da shi. Sarki Dikko ya tafi aikin Hajji a 1921, ya bi ta Ingila, kuma a zamaninsa ne aka kafa Kwalejin Katsina wadda ta yaye yawancin shugabannin Arewa na farko. A zamaninsa ne kuma wasan ƙwallon dawaki, wato folo, ya kafu a Katsina, har ya zama abin gado a gidan.

Hassan ya fara karatun boko a makarantar elamantare ta Kankiya, daga nan ya wuce Midil ta Katsina. Bayan haka sai ya shiga kwalejin da a yau ake kira Barewa, wadda ita ce tsohuwar Kwalejin Katsina da aka mayar Kaduna a 1938, sannan aka kai ta Zariya a 1949. Ya ƙara karatu a Zariya kafin ya shiga aikin soja a shekarar 1956.

Wannan mataki ba ƙaramin abu ba ne a wancan zamani. A idon mutanen Arewa na lokacin, aikin soja na wanda ya rasa abin yi ne, ko wanda ya gudo daga gida, kuma iyaye da dama sun ɗauki shigar ɗansu soja tamkar asara. Shugabannin Arewa kuwa sun lura cewa ana dab da samun mulkin kai, alhali hafsoshin da suka fito daga yankin ba su taka kara sun karya ba, in ban da irin su Zakariya Maimalari da Kur Muhammad da Abogo Largema da James Pam da Yakubu Gowon. Saboda haka aka riƙa zagayawa makarantu ana kwaɗaitar da ɗalibai. Da aka ji cewa ɗan Sarkin Katsina da kansa ya sa kaki, sai bakin masu raina aikin ya fara mutuwa. Shi ma Sarki Nagogo ba baƙon sojoji ba ne, domin a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya je har yankin Indiya da Bama ya gano dakarun Nijeriya da ke can.

Hassan ya samu horo a Teshi ta ƙasar Gana, sannan a Ingila, a makarantar Mons da kuma babbar makarantar hafsoshi ta Sandhurst, inda ya fito da muƙamin hafsa a 1958. Ya yi aiki a Bataliya ta Biyu, ya je Kwango cikin dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya a farkon shekarun 1960, ya sake komawa Ingila ƙaro ilmin jagorancin rundunoni. Zuwa shekarar 1965 yana da muƙamin Manjo, kuma shi ke jagorantar rundunar sintiri mai motoci masu sulke a Kaduna.

Daren 15 ga Janairu

A daren Juma'a wayewar garin Asabar, 15 ga Janairu, 1966, wasu matasan hafsoshi suka yi yunƙurin kifar da gwamnati. A Kaduna, jagoransu shi ne Manjo Chukwuma Kaduna Nzeogwu, haifaffen garin, mai jin Hausa kamar jakin Kano, wanda kuma malami ne a makarantar horar da sojoji. Ya fake da wani atisayen dare da aka sa wa suna Damisa, ya kai farmaki gidan Firimiya, wurin da a yau ake kira Gidan Arewa. An kashe Sardauna da uwargidansa Hafsatu. An kashe kwamandan Birged ta Ɗaya, Birgediya Samuel Ademulegun, da matarsa, haka kuma Kanar Ralph Shodeinde. A Legas aka hallaka Firayim Minista Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ministan Kuɗi Festus Okotie-Eboh, tare da Birgediya Maimalari da Kanar Kur Muhammad da Laftanar Kanar Largema da Laftanar Kanar Pam. A Ibadan aka kashe Firimiyan Jihar Yamma, Cif Samuel Akintola. Cikin dare ɗaya Arewa ta rasa manyan 'yan siyasarta biyu da kusan dukkan manyan hafsoshinta.

Motoci masu sulke suna hannun Manjo Hassan, don haka Nzeogwu bai iya tsallake shi ba. Ya same shi a gida, riƙe da bindiga, ya nemi ya faɗa masa ɓangaren da yake. Hassan ya nuna masa cewa yana tare da shi. An daɗe ana muhawara a kan wannan amsa, kuma masu sukarsa sun riƙa ɗaga ta har bayan rasuwarsa. Mu dai abin da muka gani shi ne, wanda aka tsare da bakin bindiga a ƙofar gidansa, a daren da aka kashe duk na gaba da shi, ba shi da amsoshi masu yawa da zai zaɓa daga ciki. Abin da ya biyo baya kuma ya nuna inda zuciyarsa take. Yunƙurin ya ci tura a Legas, Manjo Janar Johnson Aguiyi-Ironsi ya karɓi ragamar mulki, Nzeogwu ya fasa shirinsa na dosar Kudu da yaƙi, ya miƙa Kaduna ga Hassan, sannan Laftanar Kanar Conrad Nwawo ya raka shi Legas inda aka tsare shi.

Cikin wannan mako Ironsi ya naɗa gwamnonin soja huɗu: Adekunle Fajuyi a Yamma, Odumegwu Ojukwu a Gabas, David Ejoor a Yamma ta Tsakiya, sai Hassan Usman Katsina a Arewa, aka kuma ɗaga shi zuwa Laftanar Kanar. Shekarunsa 32 a duniya.

Riƙon Arewa

Ya kamata mai karatu ya tsaya ya auna girman abin da aka aza wa wannan saurayi. Jihar Arewa ta wancan lokaci ta haɗa larduna goma sha uku, tun daga Sakkwato har Barno, daga Katsina har Ilori da Kabba, ta fi rabin faɗin ƙasar Nijeriya, kuma ta fi rabin yawan jama'arta. An saba ganin Sardauna a kan wannan kujera, mutum mai kwarjini wanda sarakuna ke shakka. Ga jama'a cikin makoki da fushi, ga sojojin Arewa a barikoki suna ganin an kashe manyansu ba a hukunta kowa ba, ga kuma gwamnatin tsakiya da mutane da yawa ba su amince da ita ba.

Dabarar farko da ya yi ita ce, bai nuna ya fi kowa sani ba. Ya riƙe tsohon Gwamna, Sir Kashim Ibrahim, a matsayin mai ba shi shawara. Ya dogara ga manyan ma'aikatan gwamnati da Sardauna ya raina, a ƙarƙashin Sakataren Gwamnati Malam Ali Aƙilu, ya bar su suka ci gaba da tafiyar da ayyukan da aka riga aka tsara. Kasancewarsa ɗan sarki ya sa yana iya shiga gaban Sarkin Musulmi Abubakar na Uku da sauran sarakuna ya yi magana da harshen da suka sani, ya durƙusa inda ake durƙusawa, amma ya isar da saƙon gwamnati. Daga baya kuma ya tara mutanen da a da ba sa ga maciji da juna, 'yan tsohuwar jam'iyyar NPC da 'yan NEPU na Malam Aminu Kano da 'yan UMBC na Joseph Tarka, suka zauna a inuwa ɗaya suna tattauna makomar yankin. Wanda ya san irin gabar da ke tsakanin waɗannan jam'iyyu kafin 1966 zai san cewa wannan ba ƙaramin aiki ba ne.

Duk da haka ba za mu ce ya iya tare duk abin da ya taso ba, domin tarihi bai ce haka ba. Ranar 24 ga watan Mayu, 1966, Janar Ironsi ya kafa Doka mai lamba 34, wadda ta soke tsarin tarayya, ta mayar da jihohi rukunin larduna, ta kuma nufi haɗe aikin gwamnati wuri guda. 'Yan Arewa, waɗanda aka bari a baya a ilmin boko, suka ɗauki wannan a matsayin hanyar ƙwace musu guraben aiki. Kwana biyar bayan haka tarzoma ta ɓarke a Kano da Zariya da Kaduna da Katsina da wasu garuruwa, aka kashe 'yan ƙabilar Ibo da dama, aka ƙone dukiyoyinsu. Gwamna ya tara sarakuna a zauren Lugard da ke Kaduna a farkon watan Yuni, suka rubuta koke zuwa Legas. Ranar 29 ga Yuli kuma sojojin Arewa suka yi juyin mulkin ramuwa, aka kashe Ironsi da Fajuyi a Ibadan tare da hafsoshi da ƙananan sojoji masu yawa 'yan Gabas, ciki har da waɗanda ke barikokin Kaduna. Laftanar Kanar Yakubu Gowon ya zama shugaban ƙasa ranar 1 ga Agusta.

Mafi munin abin ya zo ne a ƙarshen Satumba da farkon Oktoba, lokacin da aka yi wa 'yan Gabas mazauna Arewa kisan da ya ci dubban rayuka. A Kano, ranar 1 ga Oktoba, sojojin Bataliya ta Biyar suka yi bore, suka fita daga bariki suna harbi har filin jirgin sama. Hassan ya tashi da kansa ya tafi Kano ya fuskanci sojojin da suka ƙi jin umarnin kowa, a lokacin da duk hafsan da ya tunkare su ya san yana iya rasa ransa. Ya yi jawabai ta gidan rediyon Kaduna yana la'antar kisan, yana kiran jama'a su dawo cikin hankalinsu. Amma wanda ya mutu ya riga ya mutu. Wannan tabo ne a tarihin Arewa, ya kuma faru ne a zamanin mulkinsa, kuma ba mu ga amfanin ɓoye wa 'ya'yanmu shi ba.

Mutanen Kakuri sun ga wannan al'amari da idonsu. Unguwar tana kudancin kogin Kaduna, dab da babbar mahaɗar jirgin ƙasa inda layin Legas da layin Gabas suke haɗuwa, kuma tun daga 1957, lokacin da aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles, ta zama matattarar ma'aikata daga kowane lungu na ƙasar. Masaƙun Nortex da UNTL da Arewa Textiles sun biyo baya a shekarun 1960. Ta wannan tasha ce tarago bayan tarago ya riƙa kwasar iyalai 'yan Gabas zuwa gida, wasu an haife su a Kaduna, ba su taɓa ganin garin iyayensu ba. Tafiyarsu ta bar giɓi babba. Akasarin direbobin jirgin ƙasa da makanikai da akawuna da ma'aikatan gidan waya daga cikinsu suke, don haka zirga-zirgar jirage ta kusa tsayawa, gyaɗa ta taru a Kano babu hanyar kai ta bakin teku. Ala tilas gwamnatin Hassan ta shiga horar da matasa cikin gaggawa domin cike guraben.

Aburi, jihohi shida, da kotunan sarakuna

Ranakun 4 da 5 ga Janairu, 1967, shugabannin mulkin soja na Nijeriya suka haɗu a Aburi ta ƙasar Gana bisa gayyatar Janar Joseph Ankrah, domin neman sulhu da Ojukwu. Hassan yana cikin mahalarta. An rabu da fara'a, amma da aka dawo gida kowane ɓangare ya fassara yarjejeniyar yadda ya fahimce ta, ba a daɗe ba ta wargaje.

A cikin gida kuwa wata muhawara ce take gudana, wadda ta fi taɓa zuciyar 'yan Arewa. Taken Sardauna shi ne Arewa ɗaya, al'umma ɗaya, kuma shekara da shekaru gwamnatinsa tana ƙin buƙatar 'yan tsakiyar Nijeriya ta a ba su jiharsu. A taron tsarin mulki da aka buɗe a Legas cikin Satumba 1966, wakilan Arewa sun fara da neman a sassauta tarayya ƙwarai, daga baya suka sauya suka goyi bayan tarayya mai ƙarfi da ƙirƙiro jihohi. A farkon watan Mayu 1967 sarakuna da shugabannin al'umma suka taru a Kaduna a ƙarƙashin Gwamna Hassan, suka amince a raba Arewa. Ranar 27 ga Mayu Gowon ya ba da sanarwar jihohi goma sha biyu, shida daga cikinsu a Arewa: Arewa maso Yamma a hannun Usman Faruk, Arewa ta Tsakiya a hannun Abba Kyari, Kano a hannun Audu Baƙo, Arewa maso Gabas a hannun Musa Usman, Binuwai da Filato a hannun Joseph Gomwalk, sai Kwara a hannun David Bamigboye. Jihar Arewa ta Tsakiya ita ce aka sauya wa suna zuwa Jihar Kaduna a 1976, kuma daga cikinta aka fitar da Jihar Katsina a 1987.

Da wannan sanarwa kujerar Hassan ta gushe. Shi ne gwamna na ƙarshe da ya mulki Arewa a dunƙule, kuma da hannunsa ya taimaka aka raba ta. Ba kowane mai mulki ba ne zai yarda a yanka abin da ke hannunsa gida shida ya miƙa wa na ƙasa da shi. An ba shi jagorancin majalisar riƙon ƙwarya da ta raba ma'aikata da kadarori a tsakanin sababbin jihohin kafin su fara aiki sosai ranar 1 ga Afrilu, 1968. Abubuwan da ba su rabuwa, irin su Jami'ar Ahmadu Bello da gidan rediyo da talabijin na Kaduna da jaridar New Nigerian, aka sa su ƙarƙashin hukumar kula da kadarorin haɗin gwiwa wadda aka fi sani da ICSA, shi ne kuma ya fara shugabantarta.

Akwai wani gyara na wannan zamani da ba a cika ambata ba, alhali ya taɓa rayuwar talaka fiye da yawancin abubuwan da muka lissafa. Tun zamanin Turawa, En'e ce ke riƙe da 'yan doka da gidan yari da kotunan alƙalai, kuma manyan sarakuna suna da kotunansu masu ikon yanke hukunci har na kisa. 'Yan adawa, musamman 'yan NEPU, sun daɗe suna kukan cewa ana amfani da waɗannan wajen musguna musu. A zamanin Hassan ne aka ɗauki matakin soke kotunan sarakuna da mayar da kotunan alƙalai ƙarƙashin sashen shari'a na gwamnati, aka kuma fara shirin haɗe 'yan doka da 'yan sandan Nijeriya da mayar da gidajen yari hannun gwamnatin tarayya, aikin da aka kammala a shekarun da suka biyo baya. Daga cikin sarakunan da aka rage wa iko har da mahaifinsa. Muna ganin da wani ne daga waje ya zo da wannan gyara, da an sha wuya kafin ya zauna.

Yaƙin basasa

Ranar 30 ga Mayu, 1967, Ojukwu ya ayyana ɓallewar yankin Gabas da sunan Biyafara, ranar 6 ga Yuli kuma aka fara musayar wuta. Sojojin Nijeriya a lokacin ba su wuce kimanin dubu goma ba. Daga Kaduna aka tsara farmakin farko ta fuskar arewa, kuma Hassan yana cikin waɗanda suka tsaya wajen tara mutane da kayan aiki. An yi kira ga tsofaffin sojojin da suka yi yaƙin Bama su dawo, suka kuwa amsa, wasunsu furfura ta riga ta fito musu. An ɗebi 'yan doka da matasa daga larduna, an nemi motoci da abinci daga En'e-En'e da 'yan kasuwa.

A nan ma Kakuri ta taka rawa. A 1964 aka kafa hukumar ƙera makamai ta ƙasa, DICON, aka gina masana'antarta a unguwar da taimakon kamfanin Fritz Werner na Jamus ta Yamma. An tsara ta ne domin ƙera bindigogi samfurin Beretta na Italiya da harsasai daidai buƙatar ƙaramar runduna a lokacin zaman lafiya. Da yaƙi ya zo sai aiki ya ninka, duk da cewa abin da take fitarwa bai isa ba, sai da aka haɗa da sayo makamai daga Ingila da Tarayyar Sobiyet.

Hafsan Hafsoshin Sojan Ƙasa na farkon yaƙin, Kanar Joseph Akahan, ya rasu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu. A shekarar 1968 aka kira Hassan Legas ya karɓi wannan muƙami. Aikin ya zo da nasa ciwon kai. Rundunoni uku ne a fagen daga: ta ɗaya a hannun Muhammadu Shuwa, ta biyu wadda Murtala Muhammad ya fara jagoranta, ta uku kuma a hannun Benjamin Adekunle, kuma kowane kwamanda yana tafiyar da yaƙinsa kusan yadda ya ga dama, har suna gasar neman makamai a tsakaninsu. Hedikwata ta sha fama kafin ta sa su bin tsari guda. A watan Mayu 1969, bayan da garin Owerri ya suɓuce daga hannun sojojin tarayya, aka sauya kwamandojin duka uku, Iliya Bisalla ya karɓi ta ɗaya, Gibson Jalo ta biyu, Olusegun Obasanjo ta uku. Wata takwas bayan haka yaƙin ya ƙare, Philip Effiong ya miƙa wuya a Legas ranar 15 ga Janairu, 1970. A lokacin sojojin Nijeriya sun kai kimanin dubu ɗari biyu da hamsin. An yi asarar rayuka masu ɗimbin yawa, akasarinsu fararen hula da yunwa ta kashe a yankin Gabas.

Hassan ya sauka daga wannan kujera a Janairu 1971, David Ejoor ya gaje shi. Daga baya ya zama Mataimakin Hafsan Hafsoshi a Babbar Hedikwatar Mulkin Soja, ya kuma riƙe muƙamin Kwamishinan Tarayya mai kula da harkokin ma'aikata. Ranar 29 ga Yuli, 1975, Gowon yana taron Ƙungiyar Haɗa Kan Afirka a Kampala aka kifar da gwamnatinsa, Murtala Muhammad ya hau, aka yi wa manyan janar-janar ritaya gaba ɗaya. Hassan ya tuɓe kaki da muƙamin Manjo Janar yana da shekara 42.

Zaman Kaduna

Shekara ashirin da suka rage masa a duniya a Kaduna ya yi su, kuma a cikinsu ne ya samu sunan da ya fi bin sa. Bai sake riƙe wani babban muƙamin mulki ba, amma gidansa bai rabu da jama'a ba. Tsohon soja da fanshonsa ya maƙale, da ɗalibin da ya rasa gurbin karatu, da magidancin da aka sallama daga aiki, da matar da mijinta ya mutu a fagen daga, duk sun san hanyar gidan Janar Hassan. Ga wanda wasiƙa za ta yi wa amfani sai ya rubuta, ga wanda waya za ta isar sai ya buga, wani lokaci kuma ya tashi ya je ofishin da kansa. Galibin waɗanda ke kan kujerun mulki a shekarun 1970 da 1980 ƙannensa ne a aikin soja, ko yaran da suka yi aiki a ƙarƙashinsa, ga shi kuma bai ɗauki roƙo domin wani a matsayin zubar da girma ba. Waɗanda suka san shi sun haɗu a kan cewa ba ya tambayar mai buƙata garinsu ko addininsa, kuma abin hannunsa bai cika kwana ba. An san shi da barkwanci da faɗin gaskiya ko a gaban wa, halin da wani lokaci yakan jawo masa tsegumi.

A Katsina yana riƙe da sarautar Ciroma. Da mahaifinsa ya rasu a 1981, sarautar Katsina ta faɗa kan ɗan'uwansa, Alhaji Muhammadu Kabir Usman, wanda ya yi mulki har zuwa 2008. Hassan ya ci gaba da zama Ciromansa.

Bai taɓa rabuwa da doki ba. Ya gaji folo daga mahaifinsa, wanda ya yi fice a wasan ƙwarai, ya kuma shugabanci ƙungiyar wasan ta ƙasa. Duk lokacin gasar shekara-shekara ta Kaduna, inda ake fafatawa a kan kofin Georgian, akan gan shi a fili tare da 'ya'ya da jikoki da yaran gida. Har yanzu ana sa kofi da sunansa a gasannin folo.

Kakurin da ya sani ta sauya ƙwarai. A shekarar da ya yi ritaya aka buɗe kamfanin harhaɗa motocin Peugeot a unguwar, lokacin masaƙu suna aiki dare da rana, jiniyarsu ce agogon mutanen kudancin Kaduna. Bai ga rufe Kaduna Textiles a 2002 ba, da sauran masaƙun da suka bi sahunta, suka bar dubban ma'aikata suna jiran haƙƙoƙinsu.

Allah Ya yi masa rasuwa a Kaduna ranar 24 ga watan Yuli, 1995, yana da shekara 62, ya bar iyali da 'ya'ya da jikoki. Allah Ya jiƙansa da rahama. An sa sunansa a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Katsina, da wata makarantar sakandare ta haɗin kai a Bauchi, da gidan gwamnati da ke Kawo a nan Kaduna. Haka kuma wurin shaƙatawa na Ƙofar Gamji da ke bakin kogin Kaduna, inda aka kafa tsohuwar gadar ƙarfe ta Lugard da aka ɗauko daga Zungeru, shi ma sunan Janar Hassan Usman Katsina yake ɗauke da shi.